Wanda Ya Kashe Firjin Jini

Laifin da zan ba da labarinsa lalaci ne. Ba lalacin mai kwance a inuwa ba, wanda kowa ke gani ya yi tsaki ya wuce. Lalacin mai ilimi nake nufi, wanda ke sa farar riga ya lulluɓe shi da ƙarya, ran da ƙaryar ta fara wari kuma ya waiga ya nemi marar gata ya shafa masa kashin kaji. Na ga wannan da idona a wurin da na yi shekara goma sha tara ina gadin ƙofa.

Wurin cibiyar binciken magunguna ce. Gini ne dogo mai ɗaki takwas, da ɗakin janareta a baya, da katanga wadda ta gajarce ta gefen yamma. Shekara huɗu suna kan aiki ɗaya, gwajin wani sabon maganin tsargiya, ciwon nan da ke sa yaran bakin ruwa fitsarin jini. Ana ba mutanen ƙetaren kogi maganin, a riƙa ɗebo jininsu a ƙananan kwalabe, a auna, a rubuta, sauran kuma a jera a akwatuna a ajiye cikin wani ƙaton firji a ɗakin ƙarshe. Firjin nan ba irin na gida ba ne. In aka buɗe shi hayaƙin sanyi ke fitowa, in wuta ta yanke masa kuma ihu yake yi har ina ji daga bencina.

Ranar Litinin da safe wari ya riga kowa magana. Farfesa, shugaban wurin, shi ya buɗe ɗakin da kansa. Ruwa ne ja-ja ya gangaro daga ƙasan firjin ya kwanta a kan siminti. An zare wayarsa daga bango. A ramin da aka zare ta kuwa, cajar wayar hannu ce a soke, igiyarta naɗe da baƙin salatif.

Babu wanda bai san cajar ba. Ta Gwaggo ce, mai shara.

Farfesa ya dafa bango. Ya ce, "Shekara huɗu. Jinin mutum ɗari uku da sha biyu. Ranar Juma'a baƙi za su zo su sake auna shi."

Aka kira Gwaggo. Bazawara ce mai shekara hamsin da wani abu, mijinta ya rasu ya bar ta da jikoki uku na 'yarta. Ta zo da tsumma a hannu, ta ga ruwan, ta ga cajar, sai tsoro ya sa ta yi abin da ya fi komai cutar da ita.

Ta ce, "Ba tawa ba ce, ranka ya daɗe."

"Ba taki ba ce? Ni na ba ki salatif ɗin nan da hannuna!" in ji mai gyaran wutar cibiyar.

Shi ke nan. Kafin azahar kowa ya gama yanke hukunci. Waɗanda ta yi shekaru tana wanke musu kofin shayi suka riƙa ratse ta a baranda kamar mai cutar da ake ɗauka. Farfesa ya ce ranar Juma'a, a gaban baƙi, zai miƙa ta ga 'yan sanda, don duniya ta san ba sakacinsa ba ne.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Ranar Asabar ina kan bencina tun safe har la'asar, kuma firjin nan bai yi ihu ba. Na faɗa wa Farfesa, ya ce wataƙila ƙararrawar ce ta lalace, in koma bakin aikina. Na ce to ya ba ni izini in kawo yayana.

*

Yayana sunansa ya ɓace tun yana saurayi, Ido-a-Ƙasa kowa ke ce masa. Bin sawun dabbobin sata ya yi har gwiwoyinsa suka ƙi. Ba ya karatu, ba ya rubutu, ba ya kuma kallon mutum a fuska sai ya gama da ƙafarsa. Shekarun baya shi ya gano batiran cibiyar da aka sace, don haka Farfesa ya ɗaga kafaɗa ya ce ya ba shi zuwa Alhamis.

Ranar Talata da hantsi ya zo da sandarsa. An riga an kwashe akwatunan an zuba a manyan ledoji an kai bakin ramin ƙona shara, an kuma goge ruwan da ke gaban firjin.

Ya ce, "Wane mai hikimar ne ya goge?"

Na ce, "Wari ne, Yaya."

"Wari bai taɓa kashe kowa ba. Gaggawa ce ke kisa. Kashe fitilar nan, buɗe mini taga ɗaya."

Ya kwanta rub da ciki a ƙasa, tsoho mai shekara saba'in da biyu, ya ɗora kunci a kan siminti yana kallon inda hasken taga ya kwanta. Ya daɗe a haka har na ɗauka barci ya ɗauke shi. Daga nan ya ja jiki zuwa bayan firjin, inda tsumma ba ya kaiwa.

Ya ce, "Zo ka gani. Wanda ya durƙusa nan ya sa gwiwar hagu, ya dafa da hannun dama. Ga tafin ƙafarsa. Me ka gani a jikinsa?"

"Ban ga komai ba. Sumul yake."

"To wane takalmi ka sani sumul, ba zane ba ƙusa?"

Sai na tuna. Likitocin wurin ba sa shiga ɗakin nan sai sun sa wa takalmansu wata shuɗiyar leda. Ta zame musu jiki, ko mantuwa suka dawo ɗauka sai sun sa. Gwaggo kuwa da silifa take shiga.

Ya ce, "Ya zo yin ɓarna, amma tarbiyyar aiki ba ta bar shi ya shigo da datti ba. Allah mai iko."

Bai tashi ba. Ya rarrafa ya fita ƙofa, yana bin gefen bango inda ba a cika takawa ba. Ya nuna mini wasu 'yan zagaye ƙanana kamar ƙwayar gero, busassu, ɗaya nan ɗaya can. Ɗigon ruwa ne ya faɗi ya bushe. Suka bi baranda, suka wuce ƙofa biyu, suka tsaya a bakin wani ƙaramin ɗaki da ake ajiye sinadarai. A kulle yake.

"Wa ke da makulli?"

"Farfesa da likitoci biyu. In karɓo?"

"Kada ka soma. Ka ga ɗigon nan? A kan gugar da mai shara ta yi ranar Asabar suka faɗi, ba a ƙarƙashinta ba. Rufe bakinka, mu je bola."

A bakin ramin shara ya sa na ɗaure hanci da ƙyalle, muka kwance ledoji muka ƙirga akwatuna ɗaya bayan ɗaya. Ya sa na sake ƙirgawa. Sau biyu arba'in muka samu. Ya wanke hannu.

*

Gwaggo muka fara samu a ɗakin tsintsiya, tana zaune a kan bokiti.

Ido-a-Ƙasa ya ce, "Ƙanwata, me ya sa kika yi ƙarya?"

"Tsoro, Baba. Na ga idanunsu."

"Cajar taki ce?"

"Tawa ce. Gidanmu ba wuta, nan nake sa wayata. Amma a ɗakin shayi nake sawa, wallahi. Ɗakin jinin nan ko numfashi ba na so in yi a ciki. Ranar Asabar na goge shi da ƙarfe tara na ja ƙofa. Cajar a kan ƙusar can na rataye ta, na tafi na manta."

"Wa ya san a nan kike rataye ta?"

Ta yi wata dariya marar daɗi. "Wa bai sani ba? Duk wanda tasa ta ɓace nan yake zuwa aro. Yau su ne ba su san ni ba." Sannan ta ce, "In suka kulle ni, wa zai riƙe yaran?"

Bai rarrashe ta ba. Ba halinsa ba ne.

Mai gyaran wuta shi ma ya shigo ranar Asabar, ya kuma yi ta zillewa har muka ritsa shi a ɗakin janareta. Gumi yake yi. Na ce a raina mun kama. Ido-a-Ƙasa ya dubi ƙafarsa, ƙaton takalmi ne mai zane kamar tayar mota.

"Me kake ɓoyewa, ɗan samari?"

Ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya faɗa. Ya baro aikinsa ne da ƙarfe sha ɗaya ya tafi gyara a wani gida, alhali an rubuta shi har yamma.

"Wannan tsakaninka da maigidanka ne. Ƙararrawar firjin ta lalace?"

"Lafiyarta ƙalau, Baba, jiya na gwada. Kashe ta aka yi. Maɓallin yana ƙarƙashin wani murfi, sai an danna an riƙe. Ni kaina sai da aka koya mini."

"Gwaggo ta iya?"

"Gwaggo? Ko fanka sai ta kira ni."

"To me ya hana ka faɗa wa Farfesa?"

Ya sunkuyar da kai. Sai a tambaye shi ina yake ranar Asabar, shi ya sa.

*

Mutum na uku da ya shigo ta ƙofata ranar Asabar mace ce, wadda ake kira Mai Lissafi. Ba ta taɓa jini, ba ta ganin marar lafiya. Lambobin da aka auna ake kai mata, ita ce ke fitar da ko magani ya yi aiki ko bai yi ba. Ba ta da fara'a, kuma kowa ya ji ran da suka yi cacar baki da Farfesa har ta buga ƙofa. Tun da zancen leda a takalmi ya fara yawo, sai aka koma raɗa cewa ita ce, wai baƙin ciki take da nasarar aikin.

Ta karɓe mu a tsaye. Ta ce, "Baba, in ka zo tambaya ko na tsani aikin nan, to ban tsane shi ba. Tsoronsa nake ji."

"Tsoron me, 'yata?"

Ta juyo da allon kwamfutarta, sai ta tuna da wa take magana, ta mayar. "Bari in faɗa maka haka. Ka taɓa bin garke?"

"Kafin a haifi babanki."

"Shanu ɗari uku, sawunsu yakan zo iri ɗaya?"

"Ko biyu ba sa zuwa iri ɗaya. Akwai mai jan ƙafa, akwai mai ɗingishi, akwai mai tsagaggen kofato."

"To lambobina haka suke a shekarar farko. Wani ya warke, wani ya ƙi, wani ya warke ya sake kamuwa, tsoho daban, yaro daban. Daga shekara ta biyu sai kowa ya warke. Tsohuwa mai shekara sittin da yaro ɗan takwas jininsu ya zama kamar na ƙarti majiya ƙarfi. Mutane ba sa warkewa a jere kamar sojoji a fareti. Na faɗa wa Farfesa, ya ce hassada ce. Ni na rubuta takardar da ta sa baƙin nan za su zo su sake auna jinin. Ka ga kuwa ni ce ta ƙarshe da za ta so ya lalace."

Ido-a-Ƙasa ya ɗaga kai ya dube ta a fuska, abin da ba kasafai yake yi ba.

"Wa ke ɗebo jinin?"

"Dakta Ba-Gajiya."

*

Ba-Gajiya laƙabi ne, Farfesa ya raɗa masa. Kowane mako biyu yakan ɗaure akwatin ƙanƙara a bayan babur ɗin cibiyar ya tafi ƙetaren kogi, ƙauye shida, ya dawo da yamma ba kwalba ɗaya da ba a cika ba. Ko damina ko rani bai taɓa cewa hanya ta hana shi ba. Ɗan gaban goshin Farfesa ne, shi ake shirin ba kujerar mataimakin shugaba, yana kuma cikin likitoci biyun nan masu makulli. Dogo ne, mai fara'a, kullum yakan tsaya ya gaishe ni har da tambayar gwiwata.

Da muka shiga ofishinsa ya ba yayana kujera, ya sa aka kawo masa ruwa mai sanyi.

Ya ce, "Baba, ni na fi kowa asara. Gumina ne ya zube a ɗakin can. Amma Gwaggo tsautsayi ne, ni da za a bi tawa a sallame ta kawai, ba sai an kai ga 'yan sanda ba."

"Allah ya yi albarka. Ranar Asabar kana ina?"

"Ƙetare. Na je sanar da mutane zuwan baƙi. Tambayi ƙaninka, ya ga na shigo?"

Na ce ban gani ba, kuma gaskiya ce.

"Kogin ya cika bana?"

"Ya cika ƙwarai. Da ƙyar kwalekwale ya ƙetarar da mu."

Muka fito. Babur ɗin na jingine a rumfa. Ido-a-Ƙasa ya tsuguna kamar mai ɗaure takalmi, ya shafa tayar baya, ya kankaro ƙasar da ta maƙale a ƙarƙashin murfinta ya murza a yatsa. Ja ce, mai danƙo. Tayar kuma tana da wani yanka a gefe kamar bakin kifi.

Daga nan ya ja ni bayan katanga, ta inda ta gajarce. An yi ruwa ranar Juma'a, ƙasar wurin ta bushe da duk abin da aka taka a kanta washegari. Ga ramin ƙafar babur inda aka kafe shi. Ga layin taya, kowane taku biyu sai bakin kifin nan ya fito.

Ya ce, "Shekara sha tara kana gadin gaba, baya na gadin kanta."

Kunya ta ishe ni.

*

Ranar Laraba muka shiga motar haya zuwa inda kwalta ta ƙare. Daga nan hanya ta rabu biyu, ta dama ta gangara kogi, ta hagu ta bi ta cikin gonaki. Muka fara bin ta dama. Ƙasarta fari ce, yashi. Yayana ya yi ta duba gefen hanya har bakin ruwa, bai ga bakin kifi ko ɗaya ba.

Mai kwalekwale yana zaune yana ɗinkin koma. Muka gaisa, Ido-a-Ƙasa ya tambaye shi likitan nan dogo mai babur.

Ya ce, "Dogon nan? Ai mutumin kirki ne. Shekarar farko har kwana yake yi a ƙetare. Wata rana guguwa ta kife mu da shi a tsakiyar ruwa, da haƙora ya riƙe igiyar akwatinsa har muka fita. Tun daga ranar ban sake ɗaukarsa ba. Bana shekara uku ke nan."

"Ko akwai wata mashiga?"

"Sai dai in fiffike gare shi. In kun gan shi ku ce masa yaran can har yanzu jini suke fitsara. Iyayensu na tambaya ko an fasa maganin ne."

A takardun cibiyarmu, yaran nan duk sun warke.

Muka dawo mararraba muka ɗauki ta hagu. Ba mu yi nisa ba ƙasa ta fara ja, sai ga bakin kifi, sabo a kan tsoho, tsoho a kan wanda ya fi shi tsufa. Ya kai mu wani kududdufi inda ake buga bulo. Akwai wata babbar bishiya, a gindinta ƙasa ta lotsa inda ake yawan kafe babur. Ido-a-Ƙasa ya tona da bakin sanda, sai ga murafen allura da busasshiyar auduga.

Masu bulon su bakwai ne. Babbansu ya taso yana goge laka, gwiwar hannunsa ta ciki duk tabo ne baƙi-baƙi.

Yayana ya ce, "Sannunku da aiki. Wa ya yi maka wannan zane haka?"

Mutumin ya dubi sauran. Ya ce, "An ce kada mu faɗa."

"To kada ka faɗa. Wancan da ke kwance fa, lafiya?"

Nan fuskarsa ta canja. "Ƙanena ne. Jiri ke ɗibarsa, sau biyu yana faɗuwa a cikin laka. Likita ya ce ba komai." Ya tofar da yawu. "Shekara uku yana zuwa, wai duba lafiyarmu yake kyauta. Ya kawo mana lemo da maganin ciwon jiki. Kowa sai ya cika masa kwalabe shida, wani lokaci goma. Sannan ya zauna a gindin bishiyar nan yana rubutu a jikinsu har la'asar."

"Sunayenku yake rubutawa?"

"Baba, mu bakwai ne, suna nawa gare mu? Lambobi yake sawa, kowace kwalba da tata. Ranar Asabar kuma ya zo da sassafe ba allura ba lemo, ya ce in aka tambaya ba mu san shi ba. Tun ranar nake cewa a raina, mai duba lafiya kyauta me zai ɓoye?"

"Gobe za ka iya barin laka na rabin yini?"

*

Ranar Alhamis bayan azahar Farfesa ya tara kowa a ɗakin taro. Gwaggo ba ta zauna ba, ta raɓe a bakin ƙofa. Hadari ya haɗu a waje, ɗakin ya yi duhu, ba wanda ya tashi ya kunna fitila.

Ido-a-Ƙasa ya dogara sanda ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban san magani ba. Ƙirga kawai na iya. Akwati nawa ne a firjin nan?"

Farfesa ya ce, "Arba'in da ɗaya. Ranar Juma'a da yamma na ƙirga da kaina saboda baƙi."

"A bola arba'in ne. Ɗaya ya yi ƙafa. Ku biyo ni, ku bi tsakiya, kada ku taka gefen bango."

Ya kai su baranda ya nuna musu ɗigon. Ya ce abin da aka ciro daga sanyi irin wannan, da ya sha iska sai ya fara zufa. Wani ya ɗauko akwati ya bi nan da shi bayan an goge ƙasa ranar Asabar, sannan ya koma ya kashe ƙararrawa, ya zare waya, ya soka cajar wata baiwar Allah. Suka bi ɗigon har ƙofar ɗakin sinadarai. Farfesa ya buɗe da makullinsa. A ciki akwai ƙaramin firji. A bayan kwalaben sinadari, an tura shi can ƙurya, ga akwatin, sanyinsa ƙalau.

Mai Lissafi ta karanta jikinsa. Ta ce, "Akwati na ɗaya. Abin da ya rage na shekarar farko."

Yayana ya ce, "Mai sakaci ba ya zaɓe. Wanda ya yi wannan ya san arba'in ƙarya ce, ɗaya gaskiya. Ya kashe arba'in don kada baƙi su auna su ga jinin mutum bakwai ne. Ɗayan kuma ya ajiye, gobe a ce an yi sa'a an tsinto shi, a auna a ga sahihi, a tafa masa. Ina kuma jin ko ba don haka ba, hannunsa ba zai iya ba. Shi ne wanda ya riƙe da haƙora a cikin kogi."

Duk aka juya. Ba-Gajiya ya yi murmushi.

Ya ce, "Ni na mayar da shi nan, ranka ya daɗe, tun makon jiya. Na manta ban faɗa ba."

Farfesa ya dube shi kamar bai taɓa ganinsa ba. Ya ce, "Ranar Juma'a kai ke riƙe da takarda ina ƙirgawa. Kai ka rubuta arba'in da ɗaya."

"To, wataƙila... Ranka ya daɗe, yanzu maganar tsohon da bai san bihim ba za a ɗauka a bar tawa? Ina ƙetare ranar Asabar!"

Ido-a-Ƙasa ya yi mini alama. Na leƙa waje na kira babban masu bulo. Ya shigo da lakarsa, ya naɗe hannun riga ya miƙa gwiwar hannunsa gaban Farfesa, sannan ya dubi dogon.

Ya ce, "Likita, ina yini? Ƙanena ya sake faɗuwa jiya."

Ba-Gajiya ya nemi bango ya jingina, ya zame har ƙasa. Ba wanda ya tambaye shi, shi ya fara. Ya ce tun ran da ruwa ya ci su ba ya iya kallon kogi. Ya yi niyyar fashi ɗaya ne kawai, ya cike gurbin da jinin masu bulo, mako mai zuwa ya koma. Da lambobin suka fito da kyau Farfesa ya rungume shi a gaban kowa. Daga nan bai ga ranar komawa ba.

Farfesa ya ce, "Da ka ce mini kana tsoron ruwa, da na tura wani."

"Da ka daina ce mini Ba-Gajiya."

Gwaggo ce ta yi magana daga bakin ƙofa, a hankali. Ta ce, "Dakta, sau nawa na ara maka cajar nan?"

Farfesa ya taka har inda take, ya cire hularsa ya ba ta haƙuri a gaban kowa. Ta ce ta ji, ta ɗauki bokitinta, don lokacin gugar yamma ya yi.

*

'Yan sandan da aka shirya wa Gwaggo ranar Juma'a sun zo a kan lokaci, da shi suka tafi. Ga abin da ya rasa, in ƙirga shi yadda yake. Ya rasa aikinsa, da kujerar mataimaki da saura wata biyu ya hau. An karɓe takardar izinin likitancinsa, ba zai sake riƙe allura da sunan aiki ba. Jami'ar da ta ba shi digirin dakta ta janye abinta. Rubuce-rubuce uku da aka buga da sunansa an soke su, an kuma buga dalili. Alƙali ya ba shi shekara uku, daidai da shekarun da ya bar yaran ƙetare suna jiransa. Matarsa ta kwashe 'ya'yansu biyu ta koma gidan iyayenta kafin a gama shari'a.

Akwati na ɗaya kuwa, baƙi ko buɗe shi ba su yi ba. Sun ce duk abin da ya bi ta hannunsa ba shaida ba ne. Ranar Asabar aka haɗa shi da sauran arba'in ɗin aka ƙona.